Mako na huɗu: majigi da haruffa masu ƙugiya

'Yan uwa ɗaliban NCE masu shirin fita koyarwar gwaji, wannan makon mun tsaya kan abu guda: darasin da aka shirya a kwamfuta ya fito a bangon aji yadda aka tsara shi.

Haɗa majigi ba shi da wuya. A sa wayar HDMI, mai kai hoto da sauti daga kwamfuta zuwa majigi, tukuna, a kunna majigin, sannan kwamfuta. Idan bango ya nuna shuɗi kawai, a danna Source a jikin majigin har ya kamo hanyar da aka sa wayar. Idan har yanzu babu hoto, a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi Duplicate. Tsofaffin majigi na makarantu da yawa mashigar VGA kaɗai suke da ita, mai ramuka 15, don haka a riƙe ɗan mahaɗi a jaka. A kula wajen saye: mahaɗin hanya ɗaya yake aiki, wanda ke kai HDMI zuwa VGA ba ya yin akasin haka. Kuma VGA ba ta ɗaukar sauti, sai an haɗa sifika dabam.

Inda aikin ya fi cin lokaci shi ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Malami ya rubuta "ƙasa", ya sa filash a kwamfutar makaranta, sai ga ɗan akwati a gurbin ƙ, ko wata alama dabam. Dalilin biyu ne. Ko dai salon rubutun da aka zaɓa babu shi a waccan kwamfutar, ko kuma an yi amfani da tsohon salon Hausa irin wanda yake aron gurbin wani harafi ya zana ƙugiya a kai. Irin wannan, da an bar kwamfutar da aka sa shi, asirin ya tonu. A ajin Hausa wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, tunda "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne, haka "ɓata" da "bata".

Maganin shi ne rubuta harafin na ainihi. A Word, a rubuta 0199 a danna Alt da X, ƙ zai fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ, 01B4 na ƴ. A bar tazara kafin lambar, don idan ta manne da harafi kamar a ko d, Word zai haɗa su ya fitar da wani abu. Daga nan a kwafe zuwa PowerPoint. A waya kuwa, a ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, allon rubutu na Google. Ga 'yan firamare mun fi son salon Andika: kyauta ne, yana da haruffan duka, kuma "a" ɗinsa irin wanda yaro yake rubutawa da hannu ne. Bayan an gama, a adana kwafi ɗaya a PDF, shi ba ya canja kama a kowace na'ura.

Girman rubutu kada ya gaza 28, layi kada ya wuce shida a shafi. A je bencin ƙarshe a karanta da ido kafin yara su shigo. Lokacin bayani, ana cikin nuna shafukan PowerPoint, a danna B, bangon zai yi baƙi, hankali ya dawo kan malami.

Sai kashewa. Majigi mai ƙwan fitila yana jan wat 250 zuwa 300, yana zafi sosai. A kashe da maɓalli, a bar fanka ta gama juyawa kafin a zare soket. Idan yana mutuwa da kansa bayan 'yan mintuna, musamman da hunturu, a duba matacin iska, ƙura ce ta toshe shi.

A shiga aji da shafukan a takarda da alli a aljihu, saboda ɗaukewar wuta. Mako mai zuwa: sauke gwaje-gwajen kimiyya na kwamfuta daga shafin PhET don su yi aiki ba intanet.