"Da sauƙi" ba awo ba ne

A shekarun da na yi ina aikin jinya a Makka, galibi a ɗakin gaggawa, ban ga kalmar da ke yaudarar sabuwar nas kamar "da sauƙi" ba. Bahaushe ko numfashi na neman gagararsa, ka ce ya jiki, amsarsa ke nan, ya ɗora da alhamdu lillahi. Abokan aikinmu 'yan Indiya da Filifin sukan kira ni tafinta, in na fassara musu sai su rubuta cewa jiki ya yi kyau. Na daina. Yanzu tambayar nake sauyawa: "Baba Alhaji, nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Tun yaushe? Sau nawa ka yi fitsari tun asuba, wane launi?" Dattawa da yawa sukan ƙi shan ruwa don gudun layin bayi a Mina, kuma ba za su faɗa ba sai an tona.

Daga nan sai awo. Wanda aka fi yi wa ha'inci shi ne numfashi: a dubi mutum a rubuta 18 ba a ƙirga ba. Na babba yana tsakanin 12 da 20 a minti, kuma sau da yawa shi ke fara hawa tun awon jini bai faɗi ba. Nakan riƙe wuyan hannu kamar bugun zuciya nake ji, idona na kan ƙirji, in ƙirga minti cur, domin da majinyaci ya gane sai ya sauya yadda yake shaƙa. In ya kai 25, ba na jiran zagayen likita. Bugun zuciya 60 zuwa 100 ne. Awon jini kuwa, a bar mutum ya zauna minti 5, hannu daidai da ƙirji. Ƙaramar ɗamarar awo a ƙaton dantse takan nuna hawan jinin da babu shi. 'Yar na'urar auna iskar jini ma yatsa mai sanyi ko baƙin lalle mai kauri na iya rikita ta, sai a sauya yatsa.

Zafi shi ne babban malaminmu. A hajjin 2024 ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum sama da 1,300 suka rasu. Abin da ke raba galabaita da bugun rana shi ne hankali. In zafin jiki ya haura 40 kuma mutum na sambatu, sanyaya shi ke gaba da komai: a rage tufafi tare da suturta al'aura, a fesa ruwa, a kunna fanka, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, a dakata in ya sauko wajen 39 kada a zarce. Farasitamol ba ya aiki a nan, don ba zazzaɓi ba ne. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, shaƙewa zai yi. Kuma duk mai sambatu a auna masa suga, in ya gaza 70 ga dalili nan. Mai ciwon suga a duba tafin ƙafarsa: takalmi ya ɓace a ƙofar masallaci, ya tako kwalta ba ya ji, sai a tarar da ƙuna.

Wajen magani, suna ne tarkon. A ɗaki ɗaya sai a samu Muhammadu uku, kowa ka kira ya amsa. Abin shaidar da aka ɗaura wa majinyaci a hannu nake dubawa, cikakken suna da lambar fayil, sannan maganin, adadinsa, hanyarsa da lokacinsa. Allurar da ba ni na zuƙa ba ba na yin ta. Insulin kuwa sai mutum biyu sun gani. Ƙarin ruwa in babu inji, lissafi ne: lita 1 cikin awa 8, da robar da ke ɗigo 20 a kowane mililita, ɗigo 42 ke nan a minti. A sake ƙirgawa in majinyaci ya lanƙwasa hannu, gudun yakan canza.

Rubutu kuma lamba da lokaci, nan take. An yi kuskure, a ja layi ɗaya a sa hannu, ba a gogewa. Miƙa aiki a bakin gado nake yi, mu ɗaga bargo tare mu ga wurin allura da bayan wanda ake juyawa duk awa 2.

A ƙasar nan ba a taɓa majinyaci sai da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, kuma rajistar ta yi wa nas iyaka. "Sista, rubuta mini maganin nan mana," in ji 'yar uwa. Ba hurumina ba ne, na likita ne. A makaranta ana yawan tuna mana Rufaida al-Aslamiyya, sahabiya mai jinya, da tantinta a masallacin Madina, inda aka yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu, amma ba a cika gaya mana wahalar riƙe sirri cikin dangi ba. Hausawan Makka mun san juna. Sai a wurin biki wata ta matso: "'Yata, me ke damun wance, na ji tana wajenku?" Nakan ce, "Inna, a yi mata addu'a," in miƙa mata shayi.