Minti Arba'in a Cikin Minti Goma Sha Ɗaya

Sana'ata rubuta kiɗa ce, amma kiɗan ba nawa ba ne. Ina da ɗan ƙaramin kamfani a jihar Indiana ta Amurka, ni da uwargida mai kula da lissafi da takardu, da wani matashi da ke rubuta ɓangaren ganguna. Aikinmu mu ɗauko kiɗan da aka tsara don zauren kallo, mu sake masa zubi yadda 'yan badujala za su busa shi suna tafe a filin ƙwallo. Masu ba mu aiki galibi makarantun sakandare ne da ƙananan ƙungiyoyin matasa. Manyan ƙungiyoyin gasar Drum Corps International, wadda aka kafa a 1972 kuma ake ƙarƙare ta duk watan Agusta a Indianapolis, suna da nasu marubutan. To amma kowa su ya zuba wa ido, abin da suka yi bana shi za a nema a wurinmu baɗi.

Mutane kan tambaye ni ko abin da muke rubutawa daidai yake da na asali. Ba daidai ba ne, kuma ba zai taɓa zama ba.

Ɗauki babban kiɗa na tara na Dvorak, marubucin kiɗa ɗan ƙasar Czech, wanda ya rubuta a Amurka, aka fara kaɗa shi a New York a 1893. Yana cin kusan minti arba'in. Ƙungiyar Phantom Regiment ta jihar Illinois ta kai shi fili a 1989, ta zo ta biyu. Su kuwa wasan fili minti goma sha ɗaya ne da 'yan kai. Wato an ba tela babbar riga an ce ya fitar da 'yar shara, kuma duk wanda ya gani ya gane aikin askar da ke jikin rigar farko. Kashi uku cikin huɗu dole a zubar, kuma zaɓen abin zubarwar shi ne rabin kuɗin da ake biyana.

Sai kayan kiɗan. Dvorak ya dogara ne da masu goge, su kuwa goge ba ya numfashi. Mai shi zai ja sauti ɗaya har sai an gaji da ji. A fili ba goge. A al'adar gasar, ƙahonin tagulla ne da ganguna, kuma yaron da ke busa yana gudu da baya, huhunsa na neman iska. Don haka nakan raba dogon sauti tsakanin mutane, wannan ya saki ya ja numfashi, wancan ya riƙe, mai saurare bai ji tsinkewa ba. Saurin yatsun masu goge kuma mukan miƙa shi ga masu marimba, abin kiɗa na jerin katako da ake bugawa da sanduna, da ke tsaye a bakin fili. A kashi na biyu na kiɗan akwai wata 'yar'uwar algaita mai taushin murya da ke ɗauke da amon da kowa ya sani. Ba mu da ita, sai mu ba ƙaho guda, ya tsaya shi kaɗai. Yana da daɗi, amma kaɗaicin da ke cikin muryar waccan ba ya zuwa duka.

Wani abin ma mu ne muke ƙara shi. A duk tsawon kiɗan, Dvorak ya ba mai tuba, wato babban ƙaho mai kaurin murya, sauti 14 kacal, ya kuma sa a buga faifan tagulla sau ɗaya tak. A fili kuwa akwai jerin masu tuba, akwai masu ganga da alƙali ke bi yana ba su maki. Ba za ka bar su tsaye ba. Dole a ƙirƙiro musu abin da mai kiɗan bai taɓa rubutawa ba, kuma a nan ake gane marubucin kirki: gangarsa takan fito daga cikin amon, ba ta hau kansa ta danne ba.

Shi kansa filin yana da nasa hukuncin. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, filin kuma ya haura mita 90. In aka watsa yara daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sautin na nesa zai makara da fiye da rubu'in daƙiƙa, a kiɗa mai sauri kuwa wannan ya kusa bugu guda. Shi ya sa ba na gama rubutu sai na ga zanen mai tsara tafiya, in san inda kowa zai tsaya. Wuri mai sarƙaƙiya sai an tattaro su. In an baje su, sai dogayen sautuka masu sauƙi.

Kafin duk wannan akwai takarda. Dvorak ya rasu tun 1904, kiɗansa na kowa ne. Amma kiɗan Appalachian Spring na Copland, marubucin kiɗa Ba'amurke, wanda aka rubuta a 1944 don makaɗa 13 kuma 'yan ƙungiyar Garfield Cadets suka ci gasar 1987 da shi, sai an nemi izinin masu haƙƙinsa an biya. Ba na ɗora alƙalami sai izini ya shigo hannun uwargida, domin ana iya hanawa, aikin wata guda ya tafi a banza.

Inda nake yawan sa-in-sa da abokan ciniki shi ne haƙuri. Kiɗan asali yakan ɗauki lokaci yana gini a hankali, shi ya sa idan ya kai ƙololuwa sai tsigar jiki ta tashi. Yayin yanzu kuwa, musamman tun da aka halatta lasifika a 2004 da kayan lantarki a 2009, shi ne a yi gutsi-gutsi: ɗan amo, sai tsawa, sai a tsallaka wani. Wani malamin kiɗa ya ce mini, “Malam, in aka yi rabin minti ba a tashi 'yan kallo ba, mun faɗi.” Na ce masa, “Malam, ka ba ni minti ɗaya da rabi kawai, a bar amon ya fara ya dire, sauran ka yi yadda kake so.” Wannan sharaɗin ina sa shi a kusan kowane aiki, kuma na sha rasa ciniki a kansa. Yaran nan za su maimaita abin da na rubuta wata da watanni. Ina so a ce ko guda ɗaya sun busa cikakkiyar magana ta mai kiɗan, daga farkonta har ƙarshenta.

Duk aikin da na miƙa, nakan roƙi malamin ya zaunar da yaran su saurari na asalin gaba ɗaya kafin ranar farko ta atisaye. Rubutu muna yin sa ne da sanyi, daga Disamba zuwa bazara. Da an shiga fili kuma sai waya ta fara ƙara: wuri kaza ya fi ƙarfin masu ƙaho, a rage, alƙalai sun ce ƙarshen bai yi nauyi ba, a sake. Gyara biyu na farko suna cikin farashi, na uku sai an ƙara kuɗi.