Zoɓo da kanwa a ajin kemistiri

Ɗakuna biyu na kama haya a unguwarmu a Kano, na zuba benci, na kafa allo. Nan nake yi wa 'yan SS1 zuwa SS3 lesin ɗin kemistiri, bayan la'asar a ranakun makaranta, Asabar da Lahadi kuma da hantsi.

Yaran da ake kawo mini akasari gwanayen hadda ne. Yaro zai jero maka sinadarai 20 na farko, daga haidirojin har kalsiyam, ba gargada. Amma miƙa masa biyuret, doguwar kwalbar gilashi ta awon ruwan sinadari, ka ce ya cika ta, sai hannu ya hau rawa, don bai taɓa riƙe ta ba. Ga shi WAEC da NECO duk suna da firaktikal. Wannan giɓin nake cikewa, da shi nake cin abinci.

Ranar farko ba ma buɗe littafi. Zoɓo nake jiƙawa in raba a kofuna. A matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a ɗaya, sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Wata rana wata yarinya ta ce, "Malam, ai Inna ma kanwa take sa wa miyar yakuwa in ta yi tsami." Na ce, "'Yata, kin riga kin san darasin. Asid ne da alkali suka kashe juna a tukunyar Inna." Har yau in na tuna yadda fuskarta ta washe sai in ji daɗi. In an zo kan aikin oksijin kuwa, marinar Ƙofar Mata nake tura su, su ga zane ya fito daga karofi da kore-kore, iska na bugunsa ya koma shuɗi.

Inda muke shan wuya shi ne mol, wato ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari. Sai in ce musu dozin 12 ne, ko na ƙwai ko na kwano, amma nauyi ba ɗaya ba. Haka mol, adadinsa 6.02 × 10²³ ne kullum, amma na ruwa giram 18, na sodar sabulu giram 40. Wasu sai mun yi mako uku a kai, kuma ba na gaba sai ya zauna.

Kayan gilashi ke cinye riba. Biyuret ɗaya ta fashe, kuɗin watan yaro ya tafi. Asid a akwati nake kulle shi, makullin a aljihuna. Tun ranar da wani yaro ya zuƙi ruwan sodar sabulu da fifet, siririn bututun gilashi na ɗibar ruwa, har ya taɓa masa leɓe, na hana ja da baki, na sayo robar matsawa.

Iyaye wasu kan biya a kan kari, wasu sai an yi albashi. Da an gama jarrabawa benci ya zama wayam, mai gida kuwa kuɗin hayarsa ba ya hutu. A watannin nan nake tara 'yan JSS3 masu shirin shiga ajin kimiyya, in sake jiƙa zoɓo.