Kafin ka sauya salansar motonka

Ranar Juma'a ɗan ƙanwata ya shigo gida da doguwar salansa mai ƙyalli a kafaɗa, ya sayo ta a Babbar Kasuwa zai ɗaura wa motonsa, wato babur mai inji 125. Na ce masa, to wa zai taɓa maka karburato, abin da ke gauraya wa inji iska da mai? Ya yi dariya ya ce, "Haba Kawu, me ya haɗa su? Wannan tana baya, wancan yana tsakiya." Na rasa abin cewa, don amsar da ni ma na taɓa bayarwa ke nan.

Lokacin ina kabu-kabu, ban daɗe da gama biyan kuɗin moto ga mai shi ba, kaina na rawa. Ni ko sabuwar salansa ban saya ba. Ta kamfani na kai wurin mai walda, ya yanke ta, ya zare ragar da ke ciki, ya maida ya liƙe. Da na tashe shi sai da yaran layin suka fito kallo. Kuma kada a ce wauta ce zalla. Duk wanda ya ratsa bakin kasuwa da yamma, tsakanin amalanke da ƴan tura da awaki, ya san amfanin a ji tahowarka tun daga nesa. Fasinjojina na unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi da ƙarar suke gane ni. Ba mu da waya mai intanet, ba mai koya mana komai.

To, wannan na ƙarshe ba gaskiya ba ne. Akwai wani tsohon bakanike da nake zuwa wurinsa juyen mai, ya saurari injin ya ce, "Yaro, ka buɗe mata ƙofar baya, sai ka ƙara mata abinci, in ba haka ba za ta ci kanta." Na ɗauka kuɗin aiki yake nema. Na ce Baba a bari sai wani jiƙon.

Abin da yake nufi sai daga baya na gane shi. Inji yana ƙona iska ne da mai a gauraye, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi, kuma kamfani ya daidaita karburato ne da salansar da ya ɗaura. In ka buɗe hanyar hayaƙi, numfashin injin ya sauya, galibi iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, wuta ta ƙara zafi a saman fistan. Motocinmu kuma ba su da ruwan sanyaya inji, iskar hanya ce kawai ke kwashe zafin. Sai ka haɗa da watan Afrilu a Maraɗi, rana ta wuce digiri 40, ga goyo biyu da buhu a kan tanki.

Alamu duk sun zo, ni ne na maida su ado. In na saki totur sai ta riƙa tas-tas-tas ta baya, ni kuwa har da gangan nake yi a gaban ƴan mata. Wuyan bututun, daidai inda ya fito daga inji, ya rine ya koma shuɗi. Ranar da na kwance buji, mai ba inji tartsatsin wuta, na ga bakinsa fari fat, na ce inji tsaf, ba ya hayaƙi, alhali buji mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Sannan na ƙara wa kaina da cire soson da ke tace iska, wai don ta shaƙa da kyau, a cikin ƙurar hunturu! Wata rana na ɗauko wata dattijuwa da buhun gero zuwa Madarumfa, muna tsakiyar hanya ƙarfi ya zube, ta yi tari ta mutu. Da aka buɗe, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone ta gefe, saman fistan ya zaizaye. Har yau ina cewa man kwalba da nake sha yana da nasa laifin, wani lokacin gauraye yake zuwa. Amma abokan aikina su ma shi suke sha, nasu bai mutu ba. Kuɗin gyaran ya ninka na mai walda sau da yawa, ban da kwanakin da na yi ba aiki, ban da kallon da tsohon nan ya yi mini bai ce komai ba.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, amma da na duba ba su da yawa. In ka sauya bututun gaba ɗaya, ko ka zare cikinsa, saitin karburato dole ne, kuma a ranar, ba sai ka ji alama ba. Saitin kuma ba murɗa ɗan sukurun gefe ba ne kamar yadda yaran gareji ke yi su ce an gama. Wannan sukurun aikinsa yana wurin da inji ke tsaye yana kaɗawa da farkon jan totur. Tsakiyar gudu allurar ciki ce ke riƙe da shi, ana ɗaga ta mataki ɗaya. Cikakken gudu kuma ƴar ƙaramar mashigar mai ce da ke ƙasan karburato, ana sauya ta da mai ɗan faɗi kaɗan. Bayan haka ka hau kwalta ka yi tafiya, ka kwance buji ka duba launi. Baƙi da toka-toka a jiki, mai ya yi yawa, a rage. Manyan motoci masu ƙafa biyu da ke da kwamfuta maimakon karburato, in wutsiyar kawai aka sauya, galibi suna ɗan daidaita kansu, amma mu nawa ke hawan irinsu a nan?

Sai dai kada wani ya ruɗe ka da batun ƙarfi. Inji mai 125 irin namu ƙarfinsa bai wuce na doki 10 ko 11 ba, abin da salansa da saiti za su ƙara maka ba za ka ji shi a jikinka ba, kunnenka ne kawai zai ce ka ƙara gudu. Abin da za ka ji shi ne aljihu, don saitin ƙarin mai ne, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023 man kwalba ya daina zama na banza. Saboda haka ni dai kada ma ka sauya. Na san yanzu na ce ka yi saiti, to ka yi in ka riga ka ɓata, in ba ka ɓata ba ka bar moto yadda Allah ya kawo maka shi.

Amma wa nake gaya wa? Ku da kuke da duk ilimin duniya a cikin waya, ba ku kallon komai sai masu ɗaga tayar gaba a TikTok. Ƙarfe 1 na dare ku ratsa unguwa kuna tada jarirai da marasa lafiya, ranar ɗaukar amarya kuma sai an kai wani asibiti. Mu aƙalla neman abinci muke yi da shi. Ko da yake maƙwabtana na wancan lokacin ba za su yarda da wannan bambancin ba.

In ka ƙi ji ka sauya, to ka ajiye tsohuwar salansar a ɗaki, kada ka yanke ta, kada ka sayar wa ƴan gwangwan. Soson iska kuma ka bar shi inda yake, ka riƙa wanke shi. Ranar da za ka sayar da moto, mai saye salansar kamfani zai fara tambaya, in babu ya zabge maka jikkuna.