Godiya Bayan Kammala Darasin Lissafi na Hutun Damina

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta gabata muka rufe darasin lissafi na hutu da muka shirya wa yaranmu na ƙaramar sakandare, masu tashi daga aji biyu zuwa aji uku, waɗanda jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ke jira. Ni na tsaya gaban allo, amma hannuwa da yawa ne suka ɗauki wannan jinka, kuma ya wajaba in ambace su.

Farkon godiyata ga iyaye. A damina muke, kowane gida na bukatar hannun yaro a gona ko a kasuwa, amma kuka sako mana su kullum da safe. Iyaye mata, ku musamman, da kuka ɗauke wa 'yan matan nan aikin gida har azahar, Allah ya saka muku da alheri.

Wasunku sun tambaye ni me ya sa muka shafe hutun nan kan abu guda, wato tarawa da ɗebewa a aljabra, alhali manhaja cike take. Dalilin shi ne duk abin da zai biyo baya a aji uku da babbar sakandare a kan wannan yake zaune. Tarawar ba ta cika ba yara wuya ba, da zarar sun gane cewa kowace gaɓa da irinta take haɗuwa: x² da x², x da x, lamba da lamba. A wajen ɗebewa ake faɗuwa. Ga misalin da muka fara da shi: (5x² + 3x − 2) − (2x² − 4x + 6). Akasarin yaran suka rubuta 3x² − x + 4, domin gaɓar farko kawai suka ɗebe, suka bar sauran yadda suka same su. Alhali alamar ɗebewar da ke gaban baka biyun tana shafar duk abin da ke ciki, kowace gaɓa sai alamarta ta juya, amsar ta zama 3x² + 7x − 8. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, kuma ba na yarda a kira yaro daƙiƙi a kansa. Lokacin zama da shi ne bai samu ba a ajin da ya cika maƙil.

A nan ne 'yar'uwarmu mai yi wa ƙasa hidima ta yi mana babbar rana. Ita ta kawo shawarar a yanka kwali: babban murabba'i ya tsaya a matsayin x², dogon yanki ya zama x, ƙaramin murabba'i ya zama 1, a shafa wa bayan kowanne jan fenti don ya nuna ragi. Idan fari ya haɗu da ja irinsa, sai su tashi babu. Yaron da ya riƙe x² a hannu ɗaya, x a ɗayan, ba ya sake haɗa su ya kira su x³. Ƙanwata, kin zo mana baƙuwa daga nesa, kin koyi Hausar da za ki yi wa yaranmu bayani da ita. Allah ya ba ki aiki mai albarka, ya mayar da ke gida lafiya. Masu shagunan bakin kasuwa da suka tara mana kwalaye, da mai fentin da ya ƙi karɓar ko sisi, mun gode.

Baba mai gadi ma ya koyar. Da ya ji muna ta fama da yadda ɗebe −4x yake komawa ƙarin 4x, sai ya leƙo ya ce wa yaran, ai wanda aka yafe wa bashin naira huɗu, dukiyarsa ta ƙaru da naira huɗu. Daga ranar ban sake neman wani bayani ba. Baba, Allah ya ƙara girma.

Ina godiya ga Malam Liman da ya zo ranar rufewa, ya tuna wa yaran cewa Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya tsara ilimin aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun, babban ɓangare na aikinsa a kan rabon gado da wasiyya ya yi shi. Na ga yadda wasu iyaye suka gyara zama da jin haka. Godiya kuma ga shugaban makaranta da ya buɗe mana aji, da ƙungiyar iyaye da malamai da ta sayi alli ta kuma toshe rufin da ke yoyo.

Ku kuma 'ya'yana, kun faranta mini rai. Kada ku bar dabarar da muka saba: in kun gama, ku sa 1 a madadin x ku gwada. A misalinmu, ɓangaren farko zai ba da 6, na biyu 4; 6 a ɗebe 4 saura 2, amsar daidai ma 2 take bayarwa, ta kuskuren kuwa 6. Kwalayen suna ofishin malamai, duk mai bukata ya zo ya ara. In an koma makaranta, da ninkawa za mu fara, in sha Allahu.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar jarrabawa. Amin.