Godiyar Iyalan Marigayi Baba Soja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin mahaifina da baffannina da gwaggonnina, da mu jikoki har tattaɓa-kunne, nake miƙa godiya ga duk wanda ya taya mu jimamin rashin kakanmu, wanda ƙauyenmu da na kewaye suka fi sani da Baba Soja. Allah ya karɓi abinsa ranar Alhamis da asuba, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun faɗuwar damina, aka yi masa sutura da hantsi. Shekarunsa sun kai ɗari. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawa cikin matasan da suka ɗauki makararsa sun tashi ne sun tarar ana ce masa Soja, ba su taɓa ganin shi da kaki ba. Don haka bari in ɗan faɗi ko wane ne, domin sai an san abin da ya fi tsoro a rayuwarsa za a gane girman abin da kuka yi mana.

A 1943, lokacin da ake tsakiyar yaƙin Hitila, Turawa suka nemi mazaje ta hannun sarakuna da hakimai, shi kuwa yana saurayi mai ƙarfi, sai ƙuri'a ta faɗa kansa. Aka kai su Legas, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga nan sai Boma, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, don a yaƙi Japanawa. Yana cikin runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, kuma aikinsa ɗaukar kaya ne. A dajin Arakan da ke yammacin Boma babu hanyar mota, sai duwatsu da rafuka da ƙungurmin daji, saboda haka jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi, su kuma su naɗa gammo su ɗora a ka su bi bayan masu bindiga. Har tambarin rundunar tasu ma gammo ne da mashi biyu a gicciye. Da ƙafa suka bi kwarin Kalafanzin, aka ci garin Butidaung a watan Disamba na 1944, aka ci garin Miyohaung a Janairun 1945. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalafanzin da barikin Dalet; sunayen wuraren da su Kaka suka zubar da gumi da jini ne aka liƙa musu. Muna wucewa ta ƙofarsu kullum, amma ƙalilan ne cikinmu suka san cewa manoma ne daga ƙauyuka irin namu suka tako waɗannan wurare.

Ya dawo gida a 1946. Kuɗin sallamar da aka ba irinsu bai kama ƙafar na sojan Bature ba, alhali harsashi bai tambayi launin kowa ba, kuma wannan zalunci ne ko da an daɗe da yin sa. Fansho kuwa bai taɓa karɓa ba. Da ɗan abin da ya samu ya sayi sa, ya yi aure, ya koma gonar ubansa, ya yi noman gyaɗa a zamanin da ake tara ta dala-dala a Kano, ya yi na dawa da gero har ƙarfinsa ya ƙare.

Ba mutum ne mai ba da labarin yaƙi ba. In muka matsa masa, sai ya yi zancen ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da zazzaɓin da ya kayar da mutane da yawa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Abu guda ne yake maimaitawa, shi ma sai in dare ya yi: abokinsa da suka tashi tare, wanda ya rasu a can, aka rufe shi cikin gaggawa a bakin rafi, babu wanka, babu likkafani, babu sahu. Yakan ce mini, “Kai ɗan nan, ni ba na roƙon komai sai in cika a ɗakina, a yi mini sutura irin ta Musulmi.” Shekara tamanin yana wannan addu'a. Allah ya amsa masa, kuma ta hannunku ya amsa.

Godiyarmu ta farko ga maƙwabta. Yawancinmu 'ya'ya da jikoki neman abinci ya watsa mu birane, wannan kuwa kowa ya sani. Inna ta gidan da ke jikin namu, wadda ita ma tsufa ya kama ta, ba ta taɓa barin safiya ta wuce ba ta aiko masa da kunu mai zafi ba, kuma in ya ƙi sha, da kanta take dogaro sanda ta zo ta zauna a bakin ƙofa har sai ya shanye. Inna, ba mu da abin biyanki. Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Samarin unguwa kuma, da suka ga shuka ta fito mai gona yana kwance, suka yi gayya suka nome ta tas, suka dawo suka yi maimai, babu wanda ya nemi ko goro. Hatsin nan da ke tsaye a gonarsa yanzu guminku ne, kuma daga cikinsa za a fitar da sadakarsa.

Muna godiya ga malamin asibitin ƙauyenmu, wanda yake tasowa bayan an tashi aiki ya zo ya wanke masa gyambon kwanciya, ya koya wa gwaggonmu yadda za ta riƙa juya shi. Haka direban da ya yarda ya shigo da motarsa daren da jikin ya tsananta, alhali ruwa ya cinye hanya har manyan motoci sun ƙi shigowa. Da likitan babban asibiti ya ce a koma da shi gida, wasunmu sun so a ƙara gaba, amma mahaifina ya tuna mana da abin da tsohon ya daɗe yana roƙo. Aka dawo da shi ɗakinsa, kuma ina ganin babu shawarar da ta fi wannan.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Kai ka zauna kusa da kansa kana laƙƙana masa kalmar shahada, kai ka tsaya kan wanka, kai ka ja sallah. Ladan ya yi shela tun kafin gari ya gama wayewa. Waɗanda suka haƙa kabari sun sha fama, don ƙasar ta jiƙe, tana rubzawa suna sake gyarawa, ba wanda ya nuna gajiya. Telan da ya ɗinka likkafani ya ƙi karɓar ko sisi. Sahu kuwa ya cika filin makarantar firamare har ya zuba kan hanya, ranar kuma ranar aiki ce a gona; mutane suka ajiye fartanya suka zo. Ranka ya daɗe Dagaci, mun gode da ka tako da kanka, ka kuma zauna da mu har aka yi sadakar uku. Masu unguwanni, mun gode. Maƙwabtanmu Kiristoci na ƙauyen gaba sun zo ayari guda da dattawansu, suka raka mu har maƙabarta, suka dawo suka yi mana gaisuwa. Mun gani, kuma ba za mu manta ba.

Akwai wasu tsofaffi da zuwansu ya sa ni hawaye. 'Yan ƙungiyar tsofaffin sojoji ne na ƙaramar hukumarmu, waɗanda suka yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, su ma duk sun manyanta, wani da sanda, wani ido ya tafi. Suka haɗa kuɗin mota daga aljihunsu. Sun bari sai da aka gama rufewa aka shafa fatiha, sannan suka ja gefe suka jeru suka sara masa. Ina roƙon jama'a, irin waɗannan dattawa suna nan kusan kowace gunduma. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a saki tattabaru a manyan birane, amma tsohon da ke ƙauye sabulu yake buƙata, da magani, da wanda zai zauna ya saurare shi. A je musu tun suna da rai.

Matan gari da suka kwana bakin murhu suna tuƙa tuwon baƙi, da waɗanda suka aiko da masa da gumba da fura, da 'yan'uwan da suka taso daga Zariya da Kano da Maraɗi, da abokan aikinmu, da ku da kuka bugo waya ko kuka rubuto ta Facebook da WhatsApp, ba za mu iya bin ku ɗaya bayan ɗaya ba. Allah ya ba da ladan zumunci, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Sanarwa daga mahaifina: duk wanda yake bin marigayi bashi, ko na kwano guda ne na hatsi, ko yake da ajiya a wurinsa, don Allah ya zo gida ya same shi kafin a raba gado, kada ya ji nauyi. Wanda kuma marigayi ya taɓa saɓa wa, muna roƙon ya yafe masa, don mutum ne mai faɗar gaskiya ba kwana-kwana, wani lokaci da zafi. Za a yi addu'ar arba'in a ƙofar gidansa bayan sallar asuba, kuma iyali sun yanke cewa za a haɗa da abokin nan nasa da ke kwance a Boma, da sauran waɗanda suka tafi ba su dawo ba.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.