Makon Ista a Numan

A Turai ana bikin Ista lokacin da furanni ke toho, mu kuwa a Numan tsakiyar bazara take riskar mu. Ranar Juma'a Mai Kyau majami'a ta cika maƙil, kwanon rufi na gasa mu, tsofaffi na fifita da takardar tsarin sujada, amma ba wanda ya motsa har aka kammala karatun shan wahalar Almasihu. An tuɓe wa bagadi ado, mawaƙa ma sun yi ƙasa da murya.

Ranar Lahadi kuwa sai wanda ya gani! 'Yan zumuntar mata cikin anko sun ɗauki kiɗan tulu da caki, wata baba da ke dogara sanda ta miƙa wa jikarta sandar ta shiga layin rawa. Layin Jibin Ubangiji ya kai bakin ƙofa.

Tun 1913 da likita ɗan mishan daga ƙasar Danmak, Niels Brønnum, ya sauka garin nan, ekklesiyar Lutheran ke haɗa Bachama, Mbula, Lunguda da sauransu, yawanci da Hausa muke yin sujada tare. Abin da bai gamsar da ni ba, sanarwa ta fi wa'azi tsawo, shinkafar da matasa suka dafa wa marasa lafiya har ta huce kafin a tashi.